Abebe Bikila, Sarkin Gudu na Habasha

Abebe Bikila mutumin ƙasar Habasha ne. Soja ne, kuma ɗan tseren da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik, wato manyan wasannin nan da ƙasashen duniya suke taruwa su yi sau ɗaya cikin shekara huɗu. Ya ci ta a shekara ta 1960, shekarar da Togo ta sami mulkin kai, kuma ya ci ta babu takalmi a ƙafarsa. Yawancin mutane labarin rashin takalmin nan kaɗai suka riƙe. Amma kafin wannan rana ta zo, ya yi shekaru yana sammako yana gudu a kan tuddai, ba mai kallo, ba mai tafi.

Yaron kiwo

An haifi Abebe ran 7 ga watan Agusta na shekara ta 1932, a wani ɗan ƙauye da ake kira Jato, cikin lardin Shewa, arewa da Adis Ababa babban birnin ƙasar. A wannan rana kuwa, can a birnin Los Anjalis na Amurka, aka yi gudun yada-ƙanin-wani na wasannin Olamfik na wannan shekara. Da wuya a ce wani a Jato ya san da haka.

Iyayensa talakawa ne, noma da kiwo ne sana'arsu. Ƙasarsu kuwa ba irin ta Lome ba ce. Lome tana kwance shimfiɗe a bakin teku, ga zafi ga gumi. Tsakiyar Habasha kuwa duk tuddai ne da kwazazzabai. Birnin Adis Ababa kansa ya ɗara teku tsawo da fiye da mita 2,300. Da rana akwai hasken rana sosai, amma da asuba sanyi yana shiga ƙashi. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ba shi da abin hawa sai ƙafafunsa. Da su zai bi dabbobi kiwo, da su zai je aike, ya hau tudu ya gangara, ya sake hawa wani.

Yaran ƙasar suna da wani wasa da suke kira gena. Ana yin sa da sanda mai lanƙwasa a kai, ana bugun ƙaramar ƙwallo ana bin ta da gudu. Wani lokaci tsakanin gidan wannan ɓangare da na wancan yakan yi nisa ƙwarai, har ya wuce kilomita. Abebe ya yi wannan wasa tun yana ƙarami. Yadda langa take ƙarfafa ƙafar yaran Hausawa ba su sani ba, haka gena ta yi wa Abebe.

Yana da shekara uku yaƙi ya zo. A 1935 sojojin Italiya, bisa umarnin shugabansu Musolini, suka auka wa Habasha. A 1936 suka kama Adis Ababa, Sarki Haile Selasiye ya yi gudun hijira zuwa Ingila. Gidan su Abebe ma sai da suka tashi suka koma wani gari mai nisa da ake kira Goro. Sai a 1941 aka kori Italiyawa, sarki ya dawo. Ku riƙe sunan Italiya, don za mu sake gamuwa da shi a cikin wannan labari.

Soja mai sammako

Da Abebe ya kai kamar shekara ashirin, sai ya tafi Adis Ababa neman abin yi. Wajen 1952 aka ɗauke shi cikin rundunar sojojin da ke tsaron sarki. Aikin soja ba ya son malalaci. Tun gari bai waye ba ake busa begila, kowa ya tashi ya fito fili. Wasu suna yin haka don dole. Abebe kuwa sai ya ƙara wa kansa aiki a kan wanda aka ba shi.

A tsakiyar shekarun 1950, kullum yakan yi gudu tsakanin tuddan Sululta da Adis Ababa, kimanin kilomita 20. Kullum fa, ba ranar da ya ga dama kaɗai ba. Damina a Habasha tana da ruwa da taɓo, daga watan Yuni har Satumba. Rani kuwa yana da sanyin asuba. Duk bai sa ya daina ba.

Duk wanda ya taɓa ƙudura niyyar fita gudu da safe ya san inda wahalar take. Tana kan tabarma. Ran da hunturu ya sauko, an idar da sallar asuba, bargo yana kira, sai zuciya ta fara kawo dalilai: jiya an gaji, yau akwai sanyi, gobe ma rana ce. In an yarda da ita sau ɗaya, na biyu ya fi sauƙi. Abebe bai zama gwani don zuciyarsa ba ta kawo masa irin waɗannan dalilai ba. Ya mai da gudu abin da ake yi kowace rana ne, kamar wanke fuska, har ya zama ba ya tsayawa shawara da kansa a kai.

A 1956 ne Habasha ta fara aika ƴan wasa zuwa Olamfik, a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya. Ana ba da labari cewa Abebe ya ga ƴan wasan nan sanye da riguna masu sunan ƙasarsu, abin ya shiga ransa, ya so shi ma wata rana ya sa irinta. A wannan shekara ya shiga gasar gudu ta sojoji, ya zo na biyu. Wani ɗan tsere mai suna Wami Biratu ne ya riga shi.

Malami da almajiri

Akwai wani Bature a Adis Ababa a lokacin, sunansa Onni Niskanen. An haife shi a Finlan, ya girma a Suwidin, ya zo Habasha bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnati ta ɗauke shi ya koya wa sojoji da matasa motsa jiki. Da ya ga yadda wannan siririn soja yake gudu, kai a miƙe, ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa, kuma ba ya haki, sai ya jawo shi jikinsa ya fara shirya shi don gudun yada-ƙanin-wani.

Wannan gudu shi ne ake kira marathon da Faransanci. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195. Wato kamar mutum ya tashi daga Lome ya bi hanyar bakin teku, ya kusa shiga Aneho bai tsaya ba. In kuwa a filin wasa na Kege za a yi shi, inda zagaye ɗaya yake mita 400, sai an zagaya sau 105 da rabi.

Kafin Niskanen, Abebe yana da ƙarfi da naci, amma ba shi da tsari. Niskanen ya kawo agogo. Ya koya masa cewa ba kowace rana ake gudu iri ɗaya ba. Wata rana a yi mai nisa a hankali, cikin daji da tuddai, don jiki ya saba da daɗewa. Wata rana a je fili a yi gajere da sauri, a ɗan huta, a sake, a ɗan huta, a sake, don zuciya da huhu su saba da matsi. Wata rana a bi titi, don ƙafa ta san taurinsa. Kafin a fara sai an ɗumama jiki an miƙe gaɓoɓi, bayan an gama kuma a sake miƙe su. Hutu ma yana cikin aikin, don jikin da bai yi barci ba ba ya ƙaruwa.

Tuddan Habasha sun taimaka masa ta wata hanya da ba a gani da ido. In mutum ya hau sama ƙwarai, iskar da yake shaƙa ba ta ƙosar da jiki kamar ta bakin teku. Saboda haka jikin wanda yake zaune a can yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne suke ɗaukar iska su kai ta ga tsoka. In irin wannan mutum ya sauko ƙasa, sai ya ji gudu ya yi masa sauƙi. Amma ku lura, miliyoyin mutane suna zaune a kan tuddan nan, ba dukansu ne suka zama Abebe ba.

A watan Yuli na 1960 ya ci gudun yada-ƙanin-wani a Adis Ababa. Bayan wata ɗaya ya sake ci, cikin awa 2 da minti 21 da sakan 23. Wannan ya fi saurin da aka taɓa yi a Olamfik kaf, wanda Emil Zatofek na ƙasar Cekoslobakiya ya yi a 1952. A waje babu wanda ya kula. Wa zai yarda da agogon da aka duba a wata ƙasa mai nisa a Afirka?

An daɗe ana faɗin cewa sa'a ce ta kai Abebe Olamfik, wai wani ne ya ji ciwo aka cusa shi jirgi a madadinsa. Waɗanda suka bincika tarihinsa daga baya sun gano cewa an daɗe ana shirya shi don wannan tafiya. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Daren birnin Rum

Wasannin 1960 a birnin Rum aka yi su, babban birnin Italiya, ƙasar da sojojinta suka kori iyayen Abebe daga gida. Habasha ta sa mutum biyu a gudun yada-ƙanin-wani, shi da wani mai suna Abebe Wakjira.

Da suka isa, ba su zauna kallon gari ba. Shi da malaminsa suka bi hanyar da za a yi gudun suka dube ta, suka san inda take hawa, da inda take gangara, da inda duwatsu suke. Abebe ya sami sabon takalmi a Rum, ya gwada shi, sai ya ga bai zauna masa ba, har ya yi masa bororo. Wanda ya yi kilomita 42 da takalmin da ke cizonsa, ƙafarsa za ta yi jini tun bai kai rabi ba. Sai ya yanke shawara ya yi gudun da ƙafa tsirara, yadda ya saba a gida.

Kada wani yaro ya ji wannan ya jefar da takalminsa ya faɗa titi. Tafin ƙafar Abebe ya yi shekara da shekaru yana taka dutse da ƙasa, ya yi kanta kamar ƙirgi. Ya kuma gwada sabon takalmin tun kafin ranar, shi ya sa ya gane aibinsa da wuri. A titunan gari akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi. Mai son gudu ba takalmi, rairayin bakin teku ya fi masa, shi ma sai ya duba inda yake takawa.

Ran Asabar, 10 ga watan Satumba, aka yi gudun. Saboda zafi, sai da yamma ta yi aka tashi, da ƙarfe biyar da rabi. Mutum 69 suka jeru. Abebe yana sanye da lamba 11. Wasu da suka gan shi ba takalmi sun yi dariya, wasu sun ji tausayinsa. Gwanin da kowa yake kallo shi ne Sarje Fofof na Tarayyar Sobiyat, wanda a lokacin babu wanda ya kai shi sauri a duniya.

Niskanen ya riga ya gargaɗi almajirinsa game da wani ɗan Maroko mai suna Radi ben Abdussalam, ya ce ya nemi mai lamba 26. Ashe ran nan Radi wata lamba ya sa, 185. Abebe ya yi ta wuce mutane ɗaya bayan ɗaya yana duba lambobinsu, bai ga 26 ba. Da aka wuce rabin hanya, saura su biyu a gaba, shi da mai lamba 185. Abebe yana tsammani mai 26 yana can gaba, saboda haka bai sassauta ba. Bai sani ba wanda yake nema ne yake gudu kafaɗa da kafaɗa da shi.

Dare ya yi suna kan wata tsohuwar hanya da ake kira Afiya, wadda Rumawa suka shimfiɗa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Sojojin Italiya suka jeru a gefen hanya riƙe da sanduna masu ci da wuta, don ƴan tsere su ga gabansu. Ana jin ƙarar takalmin Radi a kan duwatsu. Tafiyar Abebe kuwa kusan ba a jin ta.

Kusa da ƙarshe hanya ta bi ta gaban wani dogon ginshiƙin dutse mai tsawon mita 24. Wannan dutse na Habasha ne. Mutanen tsohon birnin Aksum ne suka sassaƙa shi tun zamanin da, sojojin Musolini suka kwashe shi a 1937 suka kafa a Rum. Sai a 2005 aka mayar wa Habasha da kayanta. Abebe ya wuce ta gindin dutsen kakanninsa, ya ƙara wuta, ya bar Radi a baya. Ya isa ƙarshe a gindin Ƙofar Konstantin cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16. Radi ya iso bayansa da sakan 25. Na uku shi ne Bari Magi na Niyu Zilan.

Babu wanda ya taɓa yin wannan gudu da sauri haka a duniya, ko da yake da ƙasa da sakan ɗaya ya ɗara Fofof. In kun yi lissafi za ku ga kowace kilomita ya cinye ta cikin minti 3 da sakan 12, sau arba'in da biyu a jere. Da ya tsaya bai faɗi ba. Ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa, ya yi ɗan gudu a tsaye, kamar yadda yake yi kullum in ya gama aikin safe. Daga baya ya shaida wa mutane cewa da saura ƙarfi a jikinsa na wasu kilomitoci.

A wannan shekara ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai. Togo ta samu ran 27 ga Afrilu, Nijar ran 3 ga Agusta, Nijeriya kuwa saura mata sati uku. Saboda haka ba Habasha kaɗai ta yi murna ba.

Tsakanin zinariya biyu

Abebe ya koma gida aka tarye shi da biki, sarki ya ba shi lambar girma, aka yi masa kofur. Bayan wata uku sai ga tashin hankali. A watan Disamba na 1960, sarki yana ziyara a Burazil, shugabannin rundunar su Abebe suka yi yunƙurin juyin mulki. Bai yi nasara ba, an kashe mutane da yawa. An kama Abebe an yi masa tambayoyi, aka sake shi, don ba shi da hannu.

Ya koma kan tuddansa. A 1961 ya ci gudu uku a ƙasashe uku: Atina ta Girka, da Osaka ta Japan, da Koshitse ta Cekoslobakiya. Na Atina shi ne na ƙarshe da ya yi ba takalmi. A 1963 ya je Boston ta Amurka. Ya daɗe yana gaba, amma kusa da ƙarshe ƙafafunsa suka riƙe, mutum huɗu suka wuce shi, ya zo na biyar. Wasu suka fara cewa zamaninsa ya wuce.

Sati biyar

Wasannin 1964 a Tokiyo za a yi su, babban birnin Japan. Saura kwana arba'in, Abebe yana cikin horo a garin Debre Zeit, sai ciwon ciki mai tsanani ya kama shi. Aka kai shi asibiti, likitoci suka ce wata ƴar jaka ce a jikin hanjinsa ta kumbura, ciwon da ake kira afendis, kuma dole a yanke ta. Ran 16 ga Satumba aka yi masa aiki. Gudun kuwa ran 21 ga Oktoba ne. Sati biyar ke nan cif.

Wanda aka tsaga wa ciki, ko tari ya yi sai ya ji zafi. Mutane da yawa suka fid da rai da zuwansa. Amma cikin ƴan kwanaki ya miƙe, kafin sati ya cika ya bar asibiti. Ya fara da tafiya, ya koma sassarfa, ya ƙara kaɗan-kaɗan. Da a ce a cikin sati biyar ɗin nan zai fara gina ƙarfinsa, da ba abin da zai samu. Ƙarfin yana nan a ajiye tun na shekaru, kamar hatsi a rumbu. Abin da ya rage masa shi ne ya warke, kada kuma ya karaya.

Ran gudun ya fito da lamba 17, sanye da farin takalmi. Da farko ya bar wasu suka yi gaba, musamman Ron Kilak na Ostareliya da Jim Hogan na Ailan, waɗanda suka tashi da sauri ƙwarai. Ya bi su a hankali ya cim musu. Kilak ya fara ja da baya, daga baya Hogan ma ya gaza, ya zauna a bakin hanya. Abebe ya rage shi kaɗai. Ya shiga babban filin wasa na Tokiyo, dubban mutane suka miƙe tsaye, ya gama cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11. Ya sake kafa sabon tarihi na duniya.

Daga nan ya yi abin da waɗanda suka gani ba su manta ba. Ya koma kan ciyawa a tsakiyar fili ya shiga motsa jiki. Ya sunkuya ya miƙe, ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙafafu sama yana juya su kamar mai tuƙa keke. Jama'a suna dariya suna tafi. Shi kuwa ba wasa yake yi ba, aikinsa na kullum yake ƙarasawa, don kada tsoka ta ɗaure. Sai da aka yi fiye da minti huɗu kafin na biyu ya iso, wato Basil Hitili na Ingila, wanda ya wuce Kokici Tsuburaya na Japan a cikin filin. Kafin Abebe babu wanda ya taɓa cin wannan gudu sau biyu a Olamfik. Da ya koma gida aka yi masa laftanan, aka ba shi gida da mota ƙirar Volkswagen.

Ya ci gaba da cin gasa har 1966. A 1967 ya ji ciwo a ƙafa a ƙasar Sifen, daga nan ƙafar ba ta koma daidai ba. A wasannin Meziko na 1968 ya fito da tsagewar ƙashi a ƙwauri, ya yi kamar kilomita 16, zafi ya tilasta masa tsayawa. Abokinsa Mamo Wolde ne ya ci, zinariya ta koma Habasha sau uku a jere. Duka-duka Abebe ya shiga gudun yada-ƙanin-wani sau 16, ya ci 12. Bayan Meziko aka yi masa kyaftin.

Farawa daga farko

Daren 22 ga watan Maris na 1969, Abebe yana tuƙa motarsa, sai ta ƙwace ta kife da shi a ciki. Ya kwana a matse, sai da gari ya waye aka ciro shi. Ƙashin wuyansa ya taɓu. Mutumin da duniya ta sani da ƙafafu, ga shi kwance ba ya iya motsa ƙafa ko hannu.

Bayan sati ɗaya aka kai shi asibitin Sitok Mandabil a Ingila, wanda ya shahara wajen jinyar masu ciwon laka. Ya yi wata takwas a can. Sarauniyar Ingila ta zo ta duba shi, wasiƙu suka yi ta zuwa daga ƙasashe. Amma wasiƙa ba ta motsa hannu. Kowace rana masu jinya suna sa shi motsa jiki, abu kaɗan-kaɗan, irin wanda jariri ma yake yi ba da wahala ba. Wanda a da yake auna aikinsa da kilomita, yanzu ɗaga hannu ne aikin yini. Sannu a hankali hannuwansa suka dawo. Ƙafafun kuwa ba su sake ɗaukarsa ba har ya mutu.

Yana kan keken guragu ya nemi wani wasan. Ya koyi harbi da baka da kibiya, ya koyi ƙwallon tebur. A 1970 ya shiga wasannin naƙasassu na Sitok Mandabil, waɗanda daga cikinsu ne manyan wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali. A 1971 aka gayyace shi ƙasar Norwe a matsayin baƙo. Bai yarda ya zauna kallo ba. Ya shiga tseren wani abin zamiya da karnuka suke ja a kan ƙanƙara, abin da babu shi a ƙasarsu, ya kuma zo na ɗaya.

A 1972 aka gayyace shi wasannin Olamfik na Munik a Jamus. Da aka turo kekensa cikin fili, jama'a suka miƙe suna tafi. A waɗannan wasanni ne Togo ta fara shiga Olamfik, a nan ne kuma ɗan damben Nijar Isaka Dabore ya ci lambar tagulla, ta farko da ƙasarsa ta samu. Abebe yana zaune yana kallo Mamo Wolde ya zo na uku a gudun yada-ƙanin-wani, yana da shekara arba'in.

Ran 25 ga watan Oktoba na 1973 Abebe Bikila ya rasu a Adis Ababa, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, wanda ya samo asali daga haɗarin nan. Shekarunsa 41. Ya bar mata da ƴaƴa huɗu. Sarki Haile Selasiye ya sa aka yi zaman makoki a ƙasa duka, dubban mutane suka raka gawarsa, aka binne shi da girmamawar soja a maƙabartar cocin Yusufu Mai Tsarki. An sa wa wani filin wasa a Adis Ababa sunansa.

Bayansa ƴan tsere da yawa sun fito daga Habasha da maƙwabciyarta Kenya, maza da mata. Akwai Mirus Yifta, da Haile Gebreselasiye, da Derartu Tulu, wadda a 1992 ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci zinariya a Olamfik. Tuddan Sululta har yanzu wurin horon ƴan tsere ne, tun da asuba ake ganinsu a kan hanya.

A watan Maris na 2010, shekara hamsin bayan daren nan, aka yi gudun yada-ƙanin-wani na birnin Rum don tunawa da Abebe. Wani ɗan Habasha mai suna Siraj Gena ne yake gaba. Da ya rage kamar mita 300 a gama, sai ya tsaya ya cire takalmansa, ya ƙarasa da ƙafa tsirara, ya zo na ɗaya.